Turbo da zafin bazara: abin da ke cinye ƙarfin motocinmu cikin rairayi

 

Duk shekara da watan Afrilu ya kama, akwai maganar da ke yawo a tasha da garejoji: wai motocin yanzu ba su da ƙashi. Direba zai ce maka Hilux ɗinsa da sassafe kamar ingarman doki take, amma da rana ta take tsaka, ya shiga rairayi, sai ta koma jakin ɗaukar kanwa, ana taka ta tana nishi tana zubar da baƙin hayaƙi. Wani ya ce gazuwal ne aka gauraya, wani ya ce masu ƙera mota sun daina aikin gaskiya, wani ma har ya ce baki ne ya kama motar. Ba mu ce ba a samun gurɓataccen mai ba. Amma a namu gani, sau da yawa abin da ke kwashe ƙarfin motar nan zafi ne, zafin iskar da injin ke shaƙa, kuma rabin laifin yana hannunmu. Akwai wani ƙarfe a cikin motar da aikinsa kenan ya sanyaya wannan iska, mu kuwa mun manta da shi, mun toshe masa hanci, sa'an nan muna zagin mota.

Wani zai ce wannan ai hirar makanikai ce, me ya kawo ta nan? To, ku dubi inda muke zaune. Gudron ɗinmu guda ce, babbar hanya ta 1 da ta taso daga Damagaram, kimanin kilomita 160 daga nan, ta wuce ta nufi Maine da Difa. Da ka sauka daga kanta ka nufi arewa, wajen Tasker da duwatsun Termit, ko ka shiga kwaruruwan da ake noman dabino da haƙar kanwa, to rairayi ne da tuddai sai inda ƙarfinka ya ƙare. Motocin da ke wannan hanya kat-kat ne, Land Cruiser da Hilux. Su ke ɗauko ƴan kasuwa ranar Subdu da ranar Gidigir, su ke kai buhunan hatsi rugage, su ne kuma ambulans ɗin da ke ɗauko mace mai naƙuda daga CSI na ƙauye zuwa asibitin Gure, in abin ya fi ƙarfin nan a wuce da ita Damagaram. Motar da ta rasa ƙarfi a gindin tudu da ƙarfe biyu na rana, da mutum goma sha biyar a baya da jarka ɗaya ta ruwa, kowa ya san ba ƙaramar magana ba ce.

Bari mu fara da turbo kansa, don da yawa muna faɗin sunan ba mu san aikinsa ba. Injin mota wuta yake hurawa a cikinsa, wuta kuwa ba ta ci sai da iska. Duk yawan man da ka zuba, in iska ta yi kaɗan, hayaƙi za ka samu. Maƙeri ya san wannan, shi ya sa yake da zugazugi. Turbo zugazugin inji ne. Hayaƙin da ke fita ta salansa shi ke juya wata ƴar farfela, ita kuma ta juya ƴar uwarta da ke ɗaya gefen, wadda ke zuƙo iska ta danna ta cikin inji da ƙarfi. Juyin nan yana wuce sau 100,000 a minti guda. Dabarar ba sabuwa ba ce, wani injiniya ɗan ƙasar Suwizalan mai suna Alfred Büchi ya yi rajistarta tun 1905. Amfaninta a fili yake: ƙaramin inji ya ba da ƙarfin babba. Tsohon injin Land Cruiser da ake kira 1HZ, mai lita 4.2 kuma babu turbo, ƙarfinsa kusan doki 130 ne. Injin Hilux na yanzu mai lita 2.8 da turbo ya haura doki 170.

Sai dai zugazugin nan yana da haraji. Duk wanda ya taɓa ba tayar keke iska da famfon hannu ya san gindin famfon yana ɗaukar zafi. Haka iska take, in an matse ta sai ta yi zafi. A lissafi, in iskar waje tana digiri 20 kamar safiyar hunturu, turbo ya matse ta ninki biyu, za ta fito da zafin da ya kai wajen digiri 110. In kuwa iskar waje ta kai digiri 45, irin ranakun da muke gani a Afrilu da Mayu, za ta fito da kusan digiri 140, wato ta wuce tafasasshen ruwa nesa. Iska mai zafi kuma kumbura take yi, sai ta cika wuri alhali abin da wuta ke ci a cikinta ya ragu. Ko ba a matse ta ba, iskar digiri 45 ta gaza ta digiri 15 kauri da kusan kashi 10 cikin 100. Kun ga tun kafin a je ko'ina bazara ta riga ta karɓi zakkarta.

Don maganin wannan ne aka sa wani abu tsakanin turbo da inji, mai kama da radiyatar amma iska ke bi ta cikinsa maimakon ruwa. Makanikanmu na ce masa intakula, wasu su ce eshanjar. Na alminiyom ne, da ƙananan bututu da siraran fukafukai. Iskar turbo mai zafi ta bi ta ciki, iskar hanya ta buga ta waje ta kwashe zafin. In yana da tsabta kuma mota na gudu, yana iya kwashe fiye da rabin zafin da turbo ya ƙara. Amma a riƙe abu biyu. Na ɗaya, ba zai taɓa sanyaya iska ta kai ƙasa da ta waje ba, ba firji ba ne. Na biyu, ba ya aiki sai iska na ratsa shi.

A nan ne rairayi ke kama mu. A kan gudron, mota na gudun kilomita 90, iska na dukan gabanta kamar guguwa, injin kuma ba ya wahala sosai. A cikin rairayi abin ya juye: kana giya ta biyu, ƙafa a ƙasa, turbo na matsa iska iya ƙarfinsa, amma motar tafiyar kilomita 20 take yi. Zafin da ake haifarwa ya yi yawa, iskar da za ta kwashe shi ta yi kaɗan. In aka yi rashin sa'a iskar gari na bin bayanka, to kusan babu abin da ke shiga gaban motar. Sannu a hankali ƙarfen intakula ya sha zafi ya ƙoshi, bututan su ƙoshi, duk abin da ke ƙarƙashin kapo ya ƙoshi. Kun san ɗakin siminti mai rufin kwano a bazara: ya wuni yana shan rana, da dare ya yi ta amayo zafin, har mu kwashe tabarmi mu koma tsakar gida. To intakular da ta ƙoshi da zafi haka take, iska ta shiga da zafi ta fita da zafi.

Akwai kuma bambancin inda aka ɗora ta. Land Cruiser mai V8, wadda ta fito a 2007, da Hilux mai lita 3.0 ta kafin 2015, intakularsu a saman inji take, shi ya sa kuke ganin ɗan baki a buɗe a kan kapo. Ba ado ba ne, hancin motar ne. Kyawun wannan tsari shi ne itace ko dutse ba ya fasa ta, amma in mota ta tsaya ko tana rarrafe, zafin inji yana tasowa kai tsaye ya gasa ta kamar tukunya a kan murhu. Hilux ta 2015 zuwa yau an mai da mata ita gaba, kusa da radiyatar. Can ta fi samun iska, amma can ne kuma ƙura da ciyawa da fara ke taruwa.

Me ke faruwa in iskar ta shiga inji da zafi? A injin gazuwal, mai ba ya ƙonewa duka, baƙin hayaƙi ya ƙaru, zafin hayaƙin ya hau, alhali ko a aiki mai nauyi na yau da kullum yana kai digiri 600 zuwa 700. Motocin zamani suna da ƴar kwamfuta mai auna zafin iskar, in ta ga ya yi yawa sai ta rage man da take bayarwa don kada fistan ya narke. Wannan ragewar ita ce direba ke ji a ƙafarsa ya ce mota ta mutu. Motar kare kanta take yi. Abin da ya fi ruɗa mutane shi ne allurar zafi da ke gaban direba ruwan radiyatar take aunawa, ba ta san komai game da iskar ba. Sai ka ga allura na zaune daram a tsakiya, mota kuwa ta ƙi hawa tudu.

Wannan ciwo ba namu ne mu kaɗai ba, masu motocin tsere sun fi mu kuka da shi. Manyanmu na tuna gasar Paris-Dakar da ta fara isa Dakar a 1979, wadda a shekarun 1980 ta sha ratsa Nijar ta Tenere da Dirku da Agadas. A 1986 René Metge ya ci gasar da Porsche 959 mai turbo biyu, a 1987 Ari Vatanen ɗan ƙasar Finlan ya ci da Peugeot 205 Turbo 16. Wato motoci masu turbo sun keta irin rairayinmu sun kai gaci tun kusan shekara arba'in da suka wuce. Bambancin shi ne kowane dare akwai makanikai da ke kwance su suna sharewa suna dubawa. A motocin gudu na mai, wato masu shan esans, zafin iskar ya fi haɗari, don man na iya fashewa kafin lokacinsa ya fasa fistan. Shi ya sa kamfanonin Japan irin Subaru, a kan wasu Impreza WRX STI, da Mitsubishi, a kan wasu Lancer Evolution, suka sa ɗan tanki da maɓallin da ke fesa ruwa a jikin intakula.

In kun lura, wannan dabara kakanninmu sun riga su. Salkar da ake ratayawa a gefen babbar mota ko a cikin raƙumi, me ke sanyaya ruwanta? Fatar na tsatsafo da ɗan danshi, iska ta busar da shi, bushewar ta tafi da zafi. Randa ma haka. Saboda haka direban da ya yayyafa ɗan ruwa a jikin intakula kafin ya hau babban tudu bai yi wauta ba. Amma a yi hattara. Ruwan rijiyoyinmu da yawa, musamman na kwaruruwa, yana da kanwa, kanwa kuwa tana cin alminiyom. Ruwa a kan ƙura kuma taɓo yake zama, ya bushe ya toshe fukafukan gaba ɗaya. Sai a yi da ruwa mai daɗi, a kan intakula mai tsabta, kuma ita kaɗai. Sheƙa ruwan sanyi a kan turbo ko kan injin da ya yi ja yana iya tsaga ƙarfe. Kuma ruwan da fasinja za su sha ya fi na mota daraja, kada a taɓa shi.

Mun san abin da tsofaffin direbobi za su ce: a bar mu da 1HZ ɗinmu, babu turbo, babu kwamfuta, kowane makaniki daga nan har Ngigmi zai kwance shi a gindin bishiya ya ɗaura. Maganarsu tana da ƙamshin gaskiya. Injin nan tun 1990 yake aiki, yana haƙuri da man da ba shi da kyau, kuma har yanzu ana kawo shi sabo Afirka. Wanda aikinsa kullum cikin daji ne, nesa da gareji, in ya zaɓe shi ba mu ga laifinsa ba. Amma mu duba abin da ke shigowa kasuwa. Yawancin Hilux na gazuwal da ake ƙerawa yanzu masu turbo ne. Manyan motocin da ke bin gudron da tankokin da ke ɗauko mai daga matatar SORAZ, wadda ta fara aiki a 2011, masu turbo ne da intakula. Da yawa daga motocin hannu da ke zuwa mana daga Turai da ƙasashen Larabawa haka. Ko mun so ko mun ƙi, turbo ya shigo gari ya shimfiɗa tabarma. Zagin sa ba zai kai mara lafiya asibiti ba, sanin halinsa ne zai kai.

To ga abubuwan da muke yi da hannunmu. Muna ɗaure tabarma ko buhu ko taya a kan kapo, daidai kan hancin nan. Muna cika gaban mota da manyan fitilu da faranti mai sunan maigida da jarkoki, har iska ta rasa ta inda za ta bi. Bayan damina muna ratsa ciyawa, ƙarangiya da ƴaƴan ciyawa su cushe tsakanin intakula da radiyatar inda ido ba ya gani, su kwana can har bazara. Robobin da ke gefen intakula, waɗanda ke tilasta wa iska ta bi ta cikinta, in suka yage sai a jefar a ce ba su da amfani. Filtar iska kuma a buga ta a jikin taya a mayar, ko ta huje, ƙura ta wuce ta riƙa cin farfelar turbo kamar yadda yashi ke cin tukunya. Mafi muni, in intakula ta fashe wasu sai su cire ta su haɗa bututu kai tsaye, ko kuma a buɗe famfon mai a ƙara wai don ƙarfi. Ƙarfin zai zo na ƴan watanni, daga nan sai sayen inji.

Gyaran kuwa mafi yawansa ba ya cin kuɗi. Malam direba, kafin ka kama hanyar daji ka haska tocila ta bayan intakula, in hasken bai fito ta gaba ba, ta toshe. A busa ta da iskar mai faci daga baya zuwa gaba, a hankali, don fukafukan ba su da ƙwari. Ka duba bututan roba: in ka ji fito kamar na usur lokacin da ka taka, ga hayaƙi ya ƙaru, akwai inda iska ke zurarewa. Ɗan danshin baƙin mai a cikin bututu ba abin tsoro ba ne, amma in ya taru har yana zuba, turbo ya fara yoyo, a kai shi gareji kafin injin ya fara shan man da kansa ya ƙi mutuwa ko an zare makulli. Ka rage iskar taya in za ka shiga rairayi, don tayar da ta baje ba ta nutsewa, injin kuma ya huta. Ka kashe kilim a kan tudu mai wuya. In ka ji ƙarfi ya fara raguwa, kada ka yi ta dannawa: ka tsaya, ka juya gaban motar ya fuskanci iska, ka ɗaga kapo, ka bar injin na aiki a hankali na ɗan lokaci. Kuma bayan doguwar wahala kada ka kashe mota nan take. Ka ba ta minti 1 zuwa 2, don man inji ne ke sanyaya sandar turbo, in ya tsaya cak a kan ƙarfe mai zafi sai ya ƙone ya zama gawayi. Littafin da ke zuwa da motar ma ya faɗi haka, sai dai wa ke buɗe shi?

Sai maganar kaya da lokaci, kuma wannan ta masu mota ce fiye da direbobi. Maigida, motar da aka ƙera don tan guda in ka ɗora mata biyu, ka ce direba ya tashi da azahar don kada kasuwa ta wuce, kai ka kashe turbo, ba shi ba. Matafiyan da suka riga mu da raƙuma ba su tafiya da tsakar rana a bazara, suna da dalili. Tashin asuba yana ba ka iskar da ta fi sanyi da digiri goma ko fiye, rairayin safe kuma ya fi ɗaukar taya. Ambulans kaɗai ce ba ta zaɓen lokaci, shi ya sa ita ya kamata ta fi kowace mota samun kulawa.

Wannan ya kawo mu ga masu sayen motocin jama'a, ko ma'aikatun gwamnati ne, ko kananan hukumomi, ko ƙungiyoyin agaji. Ranar miƙa makulli ana taro da tafi, kuma mun gode. Roƙonmu shi ne a riƙa haɗa motar da abu uku: kuɗin bidanshi da filtoci na shekara a rubuce cikin kasafi, horon kwana biyu ko uku ga direban da zai riƙe ta a kan tuƙin rairayi da kula da turbo, da kuma tunanin inda za a gyara ta in ta samu matsala. Motar da sai an ɗora ta a kan wata an kai Damagaram ko Yamai kafin a karanta abin da kwamfutarta ke faɗi, rabin shekara za ta yi a kan duwatsu a bayan CSI. Cibiyoyin koyon sana'a na CFM da muke da su za su iya ɗaukar wannan nauyi, in aka ba su tsohon turbo da intakula na koyo da ƴar na'urar karanta kwamfutar mota. Yaranmu da ke aparanti a gareji suna da kai. Wanda ya iya kwance famfon gazuwal da ido da kunne kawai, turbo ba zai gagare shi ba in an nuna masa.

Ƴan uwa direbobi, ku ne kuka san kowane tudu da sunansa, mu namu faɗakarwa ce. Abin da muke roƙo kaɗan ne: kafin a tuhumi mai sayar da gazuwal ko a nemi mai tofi, a ɗaga kapo a duba hancin motar. Wanda ya karanta wannan kuma ya san direban da ba ya karatu, ya daure ya faɗa masa da baki, ko da Hausa ko da Barbarci ko da Tubanci.

Allah ya kiyaye hanya, ya kai kowa gida lafiya, ya kawo mana damina mai albarka.